Yadda Ake Gane Rukunin Kalma a Jimlar Turanci

Wata malama da ke koyar da Turanci a ƙaramar sakandare ta aiko da wannan tambaya: "Ɗalibaina sun haddace rukunonin kalmomi takwas ɗin nan, wato suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau, *preposition*, mahaɗi da kalmar motsin rai, kamar karatun allo, suna rera ma'anar kowanne ba tuntuɓe. Amma da zarar na rubuta jimla na ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya na ce a faɗi rukuninta, sai aji ya yi tsit, ko kowa ya harba nasa. Kwanan nan na ba su *They water the garden*, kusan duk ajin suka ce *water* suna ne. Wace hanya zan bi su riƙa ganewa da kansu?"

Malama, a fara yi wa yaran adalci. An ce musu suna shi ne sunan mutum ko wuri ko abu. Ruwa abu ne. To me za su ce? Sun bi ƙa'idar da aka ba su sau da ƙafa, ita ce ta kai su ta baro. Haka ma cewa aikatau kalma ce mai nuna aiki. *Destruction* da *arrival* aiki suke nunawa, amma sunaye ne. Ga kuma *is* da *seem* da *own* da *belong*, babu ko motsin yatsa a cikinsu, amma aikatau ne cikakku.

Abin da ya kamata ya zauna a kan ɗalibi shi ne kalmar Turanci ba ta yawo da rukuninta a goshi, sai ta shiga jimla ake sanin ko wace ce. A Hausa mun saba kalma ta sauya kama idan ta sauya aiki: karanta da karatu, rubuta da rubutu, ɗinka da ɗinki. Turanci kuwa ya daɗe da zubar da mafi yawan ɗafa-ƙeyar, wato wutsiyoyin ƙarshen kalma, da ke yi masa wannan hidima, sai wurin zaman kalma ya ɗauki nauyin. Dubi *round*. A *the first round* suna ce, a *a round table* sifa ce, a *They round the corner* aikatau ce, a *He walked round the house* tana cikin rukunin *preposition*, wato 'yan'uwan su "daga" da "zuwa" namu, a *Come round tomorrow* kuma bayanau ce, wato mai faɗin yadda ko inda ko lokacin da aka yi abu. Ƙamus zai jero miki duka biyar ɗin, amma ba zai gaya miki wadda ke cikin jimlar da ke gabanki ba.

Yaron da ya taɓa nahawun Larabci a Islamiyya ko a zaure yana da mabuɗin a aljihu bai sani ba. A can kalma kashi uku ce, ismu da fi'ili da harafi, kuma ba a barin almajiri ya zauna yana lalube a ma'ana. Alamomi ake ba shi: ismu yana karɓar tanwini, yana karɓar alif da lam, harafin jarri yana shigar masa, fi'ili kuma ƙad da sin da saufa ne ke zuwa gabansa. Wannan dabarar ce Turanci ma yake buƙata. Tambayoyi uku ake yi wa kalma: su wa ke zaune gabanta da bayanta, wane irin sauyin kama take yarda da shi, kuma wace sananniyar kalma ce za ta iya hawa kujerarta jimla ba ta karye ba.

Don su yarda cewa ma'ana ba ita ce madogara ba, rubuta musu jimlar da manyan kalmominta ƙagaggu ne, babu su a kowane ƙamus: *The dramish kelbs tofted quarly behind our zint.* Ki tambaye su wa ya yi abin. Za su ce *kelbs*. Me suka yi? *Tofted*. Yaya suka yi shi? *Quarly*. A ina? Bayan *zint*. Babu wanda ya san ma'anar ko ɗaya, amma sun ware suna da aikatau da bayanau da sifa daidai, saboda *the* da *our* da *behind* da wutsiyoyin *-ish* da *-s* da *-ed* da *-ly* sun tona asiri. Daga ranar za ki iya cewa "ku yi mata yadda kuka yi wa *kelbs*".

Lambar takwas ɗin ma ba saukakkiya ba ce. Gado ne daga nahawun Girkanci da ake danganta wa Dionysius Thrax, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma a jerinsa sifa ba ta da ɗaki nata, a cikin suna aka sa ta. Masu nahawun Latin suka cire rukunin su *the* domin harshensu ba shi da irinsa, suka cike gurbin da kalmar motsin rai. Yawancin littattafan nahawu na zamani suna ware *the, a, this, my, some, every* su ba su rukuni na daban, wato *determiner*, abin da a nahawun Hausa ya fi kusa da mafayyaci, sai lissafi ya zama tara. Tsofaffin littattafai kuwa sifa suke kiran su. Ki duba wanda makarantarku ke bi ki tsaya a kansa, amma ki gaya wa yaran akwai ɗaya sunan, kada su gamu da shi a jarrabawa su ruɗe.

A kowace jimla, aikatau ake fara nema. Ba a bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya daga hagu, don wanda ya yi haka zai tsaya a kan kalmar da ba zai iya yanke mata hukunci ba sai ya san mai gidan. Gwajin kuma ɗaya ne: sauya lokaci. A sa *yesterday* a gaban jimlar, a sake faɗinta, kalmar da ta motsa ita ce aikatau. *They water the garden* ta koma *Yesterday they watered the garden*. *Water* ce ta motsa, magana ta ƙare. *The water is cold* ta koma *Yesterday the water was cold*: a nan *water* ko gezau, *is* ce ta motsa. Idan jimlar dama a lokacin da ya wuce take, a yi amfani da *every day*. Akwai 'yan aikatau masu taurin kai irin *cut, put, hit, shut, cost* da ba sa sauya kama a lokacin da ya wuce; su sai a mayar da aikau, wato mai yin aikin, ya zama *he* a lokacin yanzu, *-s* za ta fito: *he cuts, it costs*.

Wannan gwajin baƙo ne ga kunnen Bahaushe, shi ya sa yake son maimaici. A Hausa ba aikatau ke ɗauke da lokaci ba, ƙaramar kalmar da ke gabansa ce: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. "Tafi" tana nan yadda take. Kuma "ne" da "ce" namu ba aikatau ba ne, dirka ce, shi ya sa yaro ke tsallake *is* a *Musa is a farmer* yana neman aikatau a wani wuri, wani lokaci ma ya ce jimlar ba ta da shi. Sai an sa su haddace kamannin *be* guda takwas: *be, am, is, are, was, were, being, been*. A haɗa musu da mataimakan nan tara: *can, could, may, might, shall, should, will, would, must*. A *She should have been sleeping* kalmomi huɗu ne a yankin aikatau, duka huɗun aikatau ne, na ƙarshe shi ne babba. Idan *not* ko *never* ta kutsa tsakiyarsu, baƙuwa ce, bayanau ce. *Have* da *do* da *be* kuma suna cin tudu biyu: a *I have eaten* mataimaki ne, a *I have a goat* shi ne babban da kansa.

Suna ya fi sauƙi. Yana zama bayan *the* ko *my* a rufe magana, yana karɓar jam'i, yana karɓar *'s* na mallaka, kuma *it* ko *he* ko *she* ko *they* na iya ɗauke shi tare da duk 'yan rakiyarsa. Gwaji ɗaya ba ya isa, domin *information, advice, furniture, luggage, equipment* ba sa karɓar *a* ko *-s*, amma duk suna zama bayan *the*, kuma *it* na maye gurbinsu. Wutsiyoyin *-tion, -ness, -ity, -ship, -hood* shaidu ne masu kyau. *-ment* ma haka, sai dai a yi hattara da *comment* da *implement* da *document*, waɗanda ke zama aikatau ba tare da sauya harafi ko ɗaya ba. Wasu tagwayen a rubutu ake raba su: *advice* da *advise*, *belief* da *believe*, *breath* da *breathe*, sai *practice* da *practise* a rubutun Ingila wanda makarantunmu ke bi, na farko suna, na biyu aikatau. Wasu kuma a baki ake raba su: *record, present, produce, export, object* idan suna ne nauyin murya kan gaɓar farko yake sauka, idan aikatau ne kan ta biyu. Wannan yana fitowa a ɓangaren furuci na jarrabawar WAEC da NECO, don haka ribar biyu ce.

Inda aka fi zubar da maki shi ne tsakanin sifa da bayanau, kuma a nan zan daɗe.

Abu na farko, ki hana su fassara zuwa Hausa don gano rukuni. Fassara tana taimakawa wajen fahimtar ma'ana, amma a wannan aikin ɓatar da mutum take yi, domin abin da Turanci ke faɗa da sifa, Hausa sau da yawa da suna ko aikatau take faɗinsa. *She is beautiful*, tana da kyau: "kyau" suna ne. *The tea is hot*, shayin da zafi: "zafi" suna ne. *He is hungry*, yana jin yunwa. *She is tired*, ta gaji: aikatau. *He is late*, ya makara: aikatau. *Ali is taller than Bala*, Ali ya fi Bala tsawo: aikatau da suna, babu sifa ko ɗaya. Bayanau ma haka: *He has already eaten*, ya riga ya ci, *She came again*, ta sake zuwa, *Have you ever seen it?*, ka taɓa ganinsa? "Riga" da "sake" da "taɓa" duk aikatau ne a wurinmu, alhali *already* da *again* da *ever* bayanau ne. Yaron da ya ce *tired* aikatau ce a jimlar can ba shashanci ya yi ba, Hausa ya yi nazari.

Sifar Turanci kujera biyu gare ta: tsakanin *the* da suna, kamar *the tall boy*, ko bayan aikatau irin *be* da *seem*, kamar *the boy seems tall*. Yawancinsu suna karɓar *very*, suna kuma karɓar *-er* da *-est* ko *more* da *most*. Gwajin da ya fi kama su shi ne *It seems very* sannan a saka kalmar. 'Yan kaɗan kujera ɗaya suke zama: *asleep, afraid, alone, alive* ba sa zuwa gaban suna, *main, mere, utter* kuma ba sa zuwa ko'ina sai gaban suna.

Amma ba duk abin da ya zauna gaban suna ne sifa ba. A *school bus* da *stone wall* da *market day*, kalmar farko suna ce da ke bayyana wani suna. Ba a cewa *very school*, ba a cewa *schooler*, ba a cewa *the bus is school*. Nan ne kaɗai fassara ke da ɗan amfani: motar makaranta, katangar dutse, ranar kasuwa, suna biyu da mahaɗin mallaka a tsakani. Wasu littattafan suna cewa "suna mai aikin sifa", wannan ba laifi, muddin yaro ya san asalinta.

Sai tarkon *-ly*. An gaya wa yara duk kalmar da ta ƙare da *-ly* bayanau ce, sai su faɗa rami a *friendly, lovely, lonely, silly, ugly, costly, cowardly*, waɗanda duk sifofi ne. Dabarar ita ce a cire wutsiyar a ga abin da ya rage. Idan sifa ce ta rage, kamar *quick* daga *quickly*, to yawanci bayanau ce, ko da yake *lonely* ta saɓa wa wannan. Idan suna ne ya rage, kamar *friend* da *cost* da *coward*, to sifa ce. Idan abin da ya rage ba kalma ba ne, kamar a *silly* da *ugly*, sai a koma gwajin *very* da gaban suna. *Daily, weekly, monthly, early* kuwa suna shiga gida biyu: *a daily paper* sifa, *It comes daily* bayanau. A ɗaya gefen ga bayanau marasa *-ly*: *fast, hard, late, well, soon, here, often, very, too, not*. *A fast car* sifa, *He drives fast* bayanau, babu wani abu wai shi *fastly*. *Hardly* da *lately* suna nan, amma ma'anarsu ta yi nata wuri: *He works hard* yabo ne, *He hardly works* zargi ne.

Tambayar da ke raba gardama ita ce: wa kalmar take yi wa hidima? Idan suna ko wakilin suna take bayyanawa, sifa ce. Idan aikatau ko sifa ko wani bayanau ko jimlar gaba ɗaya, bayanau ce. Wurin da wannan ke rikicewa shi ne bayan *look, feel, smell, taste, sound, grow, turn, become, remain*. A *She looked angry*, *angry* tana bayan aikatau, sai yaro ya ce bayanau ce. A cire *looked* a sa *was*: *She was angry*, jimla lafiya lau, ke nan *angry* ita take bayyanawa, sifa ce. A gwada da *She looked angrily at him*: *She was angrily at him* ba magana ba ce, ke nan a nan *looked* kallo ne na gaske, *angrily* kuma yadda aka yi kallon take faɗa. Da wannan musanyar ake gane dalilin da ya sa *The soup tastes good* daidai ne. Wata alamar kuma, bayanau da yawa suna iya ƙaura: *Slowly he opened it, He slowly opened it, He opened it slowly*. Sifa ba ta da wannan 'yancin. Sai dai su *very* da *too* ba sa ƙaura, manne suke da kalmar da suke ƙarfafawa.

Waɗannan huɗun, suna da aikatau da sifa da bayanau, ƙofarsu a buɗe take, kullum sababbi na shigowa, don haka gwaji ake yi musu. Sauran kuwa 'yan gida ɗaya ne ƙidayayyu, da wuya a yi musu baƙo, su haddacewa ta dace da su. Sai dai haddar ba ta hana su sauya riga, kuma abin da ya biyo bayansu ne ke nunawa.

Ɗauki *before*. *She came before noon*: suna ya biyo, ke nan *preposition* ce, 'yar'uwar su "daga" da "zuwa" da "a" namu, ko harafin jarri a Larabci. *She came before he left*: aikau da aikatau sun biyo, wato ganga sukutum, ke nan mahaɗi ce. *I have seen him before*: babu abin da ya biyo, ke nan bayanau ce. *After* da *since* haka suke, kashi uku. *Until* kashi biyu na farko kawai take shiga. Dokar ɗaya ce: a kalli hannun dama, wato abin da ya biyo kalmar. *For* a *a gift for you* da *for* a *He stayed, for he was ill* da haka ake raba su, haka *but* a *everyone but Ali* da *but* a *I called but he refused*.

Ƙananan nan *up, off, on, in, over, down* suna da wata matsalar ta daban idan suka manne wa aikatau. *He turned off the light* da *He turned off the road* kamar tagwaye suke a ido. A gwada tura kalmar zuwa bayan sunan. *He turned the light off* ya yi, ke nan *off* ta aikatau ce, a rukunin bayanau ake lissafa ta. *He turned the road off* bai yi ba, ke nan *off* ta hanyar ce, *preposition* ce. Da wakilin suna abin ya fi fitowa fili: *turn it off* ake ce wa fitila. *To* ma fuska biyu gare ta. A *I want to go* alamar aikatau ce tsurarsa. A *I look forward to the holiday* kuwa *preposition* ce, shi ya sa idan aikatau zai biyo ta dole ya sa rigar suna: *I look forward to seeing you*. Gwajin shi ne a saka *it* bayanta. Idan ya zauna, *-ing* za a sa.

Tsakanin wakilin suna da mafayyaci ma hannun dama ake kallo. *This book is mine*: *this* tana riƙe da suna, mafayyaci ce. *This is mine*: ita kaɗai take tsaye a madadin sunan, wakilin suna ce. *Some, many, each, all, both, which, what* duk haka. *My, your, our, their* kullum sai da suna a bayansu, *mine, yours, ours, theirs* kullum su kaɗai. *Her* kuwa sai an duba: *I saw her* daban, *I saw her mother* daban.

*That* ita ce uwar rikici, ayyuka biyar take yi. *That man* mafayyaci. *That is wrong* wakilin suna. *It is not that far* bayanau, daidai da *so*. Biyun da suka rage ne ke wahalarwa: *The letter that came was short* da *He said that the letter came*. A ta farko a sa *which* a wurinta, ya zauna, kuma idan aka cire ta gangar ta rasa aikau, ba a san abin da ya zo ba. Wannan wakilin suna ne mai komawa kan *letter*, "da" ɗin da ke cikin "wasiƙar da ta zo". A ta biyu *which* ba ya zama, kuma *the letter came* cikakkiya ce da ƙafafunta; wannan mahaɗi ne, "cewa" namu.

Mahaɗan da ke haɗa tsara da tsara bakwai ne: *and, but, or, nor, for, so, yet*. *However* da *therefore* da *moreover* ba sa cikinsu, ko da yake ma'anarsu ta yi kama. Bayanau ne, kuma shaidar ita ce ƙaura: ana cewa *He, however, refused* ko *He refused, however*, amma *but* ba ta barin bakin ƙofa. Wannan ne dalilin da ya sa waƙafi kaɗai ba ya isa a gaban *however* idan tana tsakanin jimla biyu, sai aya ko waƙafi mai ɗigo. Kalmar motsin rai ba ta buƙatar dogon bayani: *oh, alas, wow, ouch*, su ne su "kash" da "wayyo" da "tir", ana cire su jimla ba ta ji a jikinta ba.

Saura *-ing* da *-ed*. Idan wani ɗan gidan *be* na gaba kuma ana cikin yin abin ne, aikatau ce: *She is teaching*. Idan *it* na iya ɗauke ta, aikin suna take yi, abin da littattafai ke kira *gerund*: *Teaching is hard*, *It is hard*. Idan ta karɓi *very*, ta zama sifa: *a very interesting lesson*. Kwatanta *Her job is teaching* da *She is teaching*: ba aikin nata ne ke tsaye gaban allo ba, don haka a ta farko *is* ce babban aikatau, *teaching* suna. Haka *a sleeping baby* jariri ne da ke barci, amma *a sleeping bag* ba jaka ce da ke barci ba, jaka ce ta barci.

Ga jimla guda da za ki iya warwarewa da su a allo: *After the long rains, those who farm near the river hardly ever water their young plants, but watering becomes hard work before March ends.*

A fara da sauya lokaci. Kalmomi huɗu ne za su motsa: *farmed, watered, became, ended*. Ga aikatau huɗu, ke nan ganga huɗu, ke nan a sa ran abin haɗi uku, kuma ga su: *who* wakilin suna mai komawa kan *those*, *but* mahaɗi, *before* mahaɗi domin *March ends* aikau ne da aikatau. Wannan lissafin, abin haɗi ya gaza aikatau masu ɗauke da lokaci da ɗaya, yana kama kuskure da yawa. Idan bai cika ba, a duba ko an haɗiye *that* ne, kamar a *He said he came*. *After* ba ta shiga lissafin ba domin *the long rains* kawai ya biyo ta, babu aikatau, *preposition* ce, haka *near*. *Rains* da *plants* da *work* duk suna iya zama aikatau a wani wuri, amma a nan ba su motsa ba, kuma *the long* da *their young* da *hard* na gabansu: sunaye ne. *Those* babu suna a bayanta, wakilin suna ce. *Watering* ita ce aikau na *becomes*, *it* na ɗauke ta. *Hard* tana yi wa *work* hidima, sifa ce. *Hardly* tana yi wa *ever*, *ever* tana yi wa *water*, duka biyun bayanau.

Amfanin wannan ya wuce tambayar "wane rukuni ne". A ɓangaren fahimtar rubutu na WAEC ana ba da kalmomi a ce a kawo wata da za ta maye gurbin kowacce yadda aka yi amfani da ita a nassin. Wanda aka ba *reluctantly* ya rubuta *unwilling* ya san ma'ana, amma ya kawo sifa a kujerar bayanau, makin ya tafi. *Unwillingly* ake so. Haka tambayar da ke neman sunan nahawu na wani yanki da aikinsa: gwajin musanya ne dai. Idan *it* ko *something* ta ɗauke yankin duka, aikin suna yake yi. Idan *then* ko *there* ta ɗauke shi, na bayanau. Idan yana manne da wani suna yana faɗin wanne ne, na sifa. Sannan a duba ko akwai aikatau mai ɗauke da lokaci a ciki: in akwai, *clause* ne, wato ganga, in babu, *phrase*, wato yanki kawai.

A aji, minti goma a farkon darasi sun isa. Kalma ɗaya a rana, jimla uku zuwa biyar, kowacce da rigar da kalmar ta sa: yau *light*, gobe *well*, jibi *like*, gata *down*, sannan *still, back, close, past, fast, only*. Kada ki karɓi amsar da ba ta zo da hujja ba. Wanda ya ce "aikatau ce" ya faɗi jimlar da *yesterday* a ji, wanda ya ce "sifa ce" ya nuna sunan da take yi wa hidima. Bayan mako biyu ki juya aikin, ki ba su kalmar su ƙera jimlolin da kansu, layi ɗaya na aji ya rubuta, ɗaya layin ya gano.